Saura Minti Arba'in

Na zo duba abokina da ya karye, na ɓata hanya, na faɗa ɗakin yaran da aka yi wa aikin zuciya ina cewa, "Ina gurgun nan?" Ba wanda ya ɗago kai. Kunya ta zaunar da ni a bakin ƙofa.

Kusa da ni wani ƙaton mutum ne zaune gaban 'yarsa mai kamar shekara shida, an naɗe mata ƙirji da bandeji. Yatsunsa duk tabon ƙuna, ina jin mai walda ne. Fuskarsa ba fushi ba fara'a, idonsa na kan agogon bango. Duk sanda za ta yi tari, sai ya ɗora mata ɗan matashi a ƙirji ya danne a hankali, ko dubawa ba ya yi. Hannun ya haddace.

Bakina ya ƙi zama. Na ce, "'Yan mata, wannan babanki ne ko mai gadinki?" Ta fara murmushi.

Ya ce, "Malam, dariya na ja mata ɗinki. Saura minti arba'in a ba ta maganin ciwo. In ya ratsa ta, ka dawo ka yi wasanka."