Guɗar Bakin Ƙofa

Shekarar da anka yanke mu daga Sakkwato anka ce yanzu mu 'yan Kebbi ne, ita ce shekarar da albasa ta yi yawa har ta riƙa ruɓewa cikin rudu, rumbun da muke aje ta. Da kakar da ta biyo baya tari ya kama ni.

Ni kuwa maguɗiya ce. Daga Sabiyal har cikin Aliero ba a kai amarya ɗaki sai an aiko mini. In na kama hanci na ɗaga kai, mai ban ruwa can fadama sai ya aje ƙwarya ya ce an kai amarya. Ba yabon kai ba ne, a tambaya.

Tarin busasshe ne, ba majina, sai ƙirji ya ɗaure yana ƙara kamar ɗan kyanwa. Ya fi taso mini wurin sussukar gero. Na yi abin da na ga uwata na yi: garwashi cikin kasko, a zuba saiwoyi, a lulluɓa da zane a shaƙi hayaƙin. Kullum na fito sai tarin ya ƙaru, ni kuma in ce magani ne ke kokawa da ciwo.

Ana haka ƙanwar mijina da ke aure Karaye ta zo gayyar bikin ɗiyarta, saura sati uku. Ta tarar da ni ina fitowa daga lulluɓi, ido jajir.

"Matar yaya, da wanga ƙirji za ki yi wa ɗiyata guɗa? Gara in ɗauko tsohon zakara."

"Zakaran gidanku ko na aro?"

"Akwai wata maguɗiya can garin Maiyama, an ce muryarta ba laifi."

Wagga magana ita ta kai ni asibiti, ba tarin ba. Ranar kasuwar Jega ɗana ya sa ni mota. Malamar asibitin, yarinya ce sa'ar autata, ta ɗora abin saurare ga bayana ta ce, "Inna, asma ce, abin da kuke kira fuka. Ba ta barin mutum ɗungum, amma ana zama da ita lafiya. Me kike sha?"

Na faɗa mata kaskona. Ta riƙe baki.

Ta hana ni hayaƙi, ta hana ni ƙaiƙayi, ta hana ni turaren wuta. Ta rubuta ƙwayoyi da wani ɗan abin shaƙa, tsawon yatsa. Ta ce in girgiza shi, in fitar da numfashi, in sa ga baki in danna ina ja, sannan in riƙe.

"Ɗiyata, riƙe numfashi za ki koya mini?"

Na ja na riƙe. Ta ƙirga ta gaji, ta ce, "Inna, ya isa, saki."

Kasko na bar shi, sussuka na bar wa matan 'ya'yana. Abin da ya tsaya mini shi ne turaren, don cikin ɗakin amarya ake guɗa, ɗakin amarya kuwa hayaƙi har ba ka ganin jere.

Ranar biki da la'asar munka rako amarya. Mata sunka dunguma ciki, ni na ja na tsaya waje, inda iska ke kaɗawa. Na kwance bakin zane, na fiddo ɗan ƙarfen shaƙar nan na asibiti, na shaƙa sau biyu. Ƙanwar mijina ta leƙo.

"Shigo mana, ko ƙirjin ne?"

"Nan zan yi. Ki dai kama kunnenki."

Na saki guɗa. Na yi ta ja har awakin maƙwabta sunka tsinke igiya, ta Maiyama da anka gayyato a ɓoye ta maida nata bakin ta rufe. Ban yi tari ko ɗaya ba. Ƙanwar mijina ta ce ai ɗan ƙarfen nan ne ya yi guɗar, a ba shi goron. Na ce ta karɓa ta gwada.

Tun ranar, duk bikin danginmu bakin ƙofa ake guɗa, yara na tsammanin al'ada ce ta kakanni. Cikin waɗanda sunka san mafarin, saura ni, da amaryar da yanzu ke da jikoki, da ƙanwar mijina. Haƙoranta sun ƙare, bakin yana nan.