Da Kai Ko Da Ƙafar Hagu

A shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga bokitai da butoci, sau ɗaya tak na ga fomanmu ya kashe inji alhali akwai wuta. Ranar da aka sanar a rediyo cewa tsohon lamba taran ƙungiyar ƙwallon ƙafar garinmu ya rasu ne. Foman dattijo ne ɗan Jigawa, mutumin da ko atishawa ka yi a bakin aiki sai ya duba agogo. Amma ranar sai ya zauna a kan buhun roba, yana ta maimaita innalillahi.

Ni ban taɓa ganin marigayin a fili ba, ya ajiye wasa tun ina firamare. Abin da na sani game da shi a bakin mutum biyu na ji, foman da maigadinmu, wani dogon mutumin Damagaram da ya tsufa a Kano. Dukansu suna filin ranar wasan ƙarshe na cin kofi, lokacin da marigayin ya ci ƙwallo ana dab da tashi. Foman ya ce da kai ya ci. Maigadi ya ce da ƙafar hagu. Kusan kullum sai sun yi wannan musun a wajen mai garau-garau, har ta kan ce su ƙarasa a waje su ba ta kwanukanta.

Jana'iza ta wuce mu don muna aikin safe. Washegari da muka tashi daga aiki, mu uku muka tari adaidaita zuwa Ɗorayi don yin ta'aziyya. Tun a hanya foman ya ja mana kunne.

"Gidan rasuwa za mu, ba majalisa ba. Kada in ji wani ya ambaci ƙwallo."

Ni yake wa magana, amma maigadi yake kallo.

Mun tarar da ƙofar gidan cike. Ga ma'aikatan fata daga Challawa, ga na kamfanonin Bompai wasu ko rigar aiki ba su cire ba. A tsakiya ga yayan marigayin, tsohon tela mai farin gemu, shi ke karɓar gaisuwa. Muka tambayi haƙuri, aka yi salati da Fatiha, muka samu gefen tabarma. Can sai foman ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya jiƙan wannan kan," in ji shi. "Kan da ya ɗauko mana kofi."

"Amin," in ji maigadi a hankali. "Da ƙafar."

Shi ke nan. Kafin in gyara zama tabarmi sun rabu biyu, 'yan kai da 'yan ƙafa. Wani daga Challawa ya ce duk ƙarya ne, da ƙirji ya tura ta, aka taru a kansa. Foman, wanda ya hana mu magana, ya miƙe tsaye yana gwada yadda marigayin ya tashi sama. Ya ɗan yi tsalle ya kaɗa kai, hularsa ta tashi ta faɗa cikin kwanon ruwan sha. Na sunkuyar da kai don kunya, ina jiran a kore mu.

Sai na ji dariya. Yayan marigayin ne, kafaɗunsa har rawa suke.

"Ku zauna, bayin Allah," ya ce. "Ni ya gaya mini da bakinsa a wannan zauren. Ana shirin bugo kwana wani ɗan baya ya ja masa wando, roba ta tsinke. Ya riƙe wandon da hannu ɗaya, ya juya yana kai ƙara wurin alƙalin wasa. Ƙwallon ta zo ta daki ƙeyarsa ta shige raga. Ko ganinta bai yi ba. Da ya ga 'yan wasa sun nufo shi a guje, ya ɗauka dukansa za su yi."

Sai wurin ya ɓarke da dariya. Wani ya tambaya me ya sa marigayin bai taɓa faɗa ba. Tsohon ya ce shi ma ya tambaye shi, ya ce masa, "Yaya, mutane na jin daɗin musunsu, ina ruwana."

Foman ya matse hularsa ya ce, "To ai ƙeya a kai take."

Maigadi ya gyara zama cikin ladabi. "Alhaji, ku gafarce ni. Ku kuna filin?"

"A'a, ina shago."

"To ni ina filin."

Tsohon ya sake yin dariya, amma a wannan karon ta ƙare da hawaye. Ya goge ido da bakin rigarsa ya ce tun jiya mutane ke zuwa suna tafiya kamar marigayin bai taɓa ba kowa dariya ba. Ya roƙi a ƙara masa addu'a. Muka ɗaga hannu, kuma amin ɗin da aka amsa a lokacin ya fi na farko ƙarfi.

A hanyar komawa foman ya sauka a kwanar gidansa, ya rage daga ni sai maigadi. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Ni fa lokacin da ta shiga na sunkuya ina neman takalmina, wani ya take mini shi. Ihu kawai na ji." Ya kama hannuna ya matse. "Amma kada ka gaya wa foman."

Ban gaya masa ba har ya bar aiki.