Ranar Da Yaya Ta Sa Aka Juya Gado

A shekarun da ake ta kwasar ma'aikata zuwa Abuja aka cire wa yayata nonon dama, saboda ciwon daji. Wasu likitoci baƙi a asibitin koyarwa suka sa mata 'yar jakar roba a ƙarƙashin fata. Duk bayan mako biyu sai a ɗura wa jakar ruwa da allura, fatar ta riƙa miƙewa har a sami wurin gina mata wani nonon. A gidana na Suleja ta yi jinya.

Duk ranar da aka ƙara ruwan, ƙirjinta yakan ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Ban taɓa jin ta ce wayyo ba. Barci ne ya gagare ta. Tun muna yara ba ta san wata kwanciya ba sai ta gefen dama, hannu a ƙarƙashin kunci, fuska ga alƙibla. Ga shi likita ya ce rigingine kawai, a tokare mata baya.

Na jera mata matashi uku. Kwana shida idonta biyu, har ta fara gyangyaɗi a zaman tahiya.

Na ce, "Yaya, lalura ce fa. Allah Yana gani."

Ta ce, "Sannu, Malama mai fatawa. In aka karɓi raina ina kallon kwanon rufinki mai yoyo fa?"

Da hantsin rana ta bakwai ta ce in ɗauko littafin fiƙihun mahaifinmu, wanda ya cika gefensa da ajami da hannunsa. Ta bi layi da yatsan hagu har babin sallar marar lafiya. Wanda ya kasa kwanciya ta gefe, ya yi rigingine, ya miƙe ƙafafu gabas, fuskarsa ta kalli alƙibla.

Ta rufe littafin. "Ashe gadon ne a karkace, ba ni ba."

An hana ta ɗaga abu mai nauyi, don haka ta zauna a kujera tana ba da umarni. Ni da wata 'yar Kudu da ke haya a gidan muka ja gadon ƙarfen nan muna nishi, har ya tare rabin ƙofa. 'Yar Kudun ta ce, "Mama, yanzu ta ina za mu shiga?" Yaya ta ce mu rage cin tuwo.

Bayan azahar ta kwanta, ta yi addu'arta. Aka kira la'asar tana minshari. Na tsaya a bakin ƙofa ina duban inuwar katanga, na bar ta iyakar abin da lokacin salla ya yarda, sannan na taɓa ƙafarta a hankali.