Sunan Laminu da na ƙi gogewa daga injin rediyonmu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Laminu, taubashina, ɗan ƙanen babata, kuma har makon jiya sunansa na nan cikin kwamfutar gidan rediyonmu kamar gobe zai zo aiki. Laifina ne, ba na kowa ba.

Lokacin riƙon ƙwarya, da sojoji suka ce za a koma zaɓe, ɗan rediyonmu na karkara da ke wajen Cadawa ya zama kasuwa. Kowace jam'iyya ta aiko mutum da waƙoƙinta cikin kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta. Kile ɗin nan kuwa duk cuta ce cikinsu. Injinan ɗakin watsa shiri suka dinga mutuwa, har wata safiya na karanta labarai daga ka, ina gumi.

Laminu ne mai gyaranmu. Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta daga bayan buro, wato ofishinmu, ya kakkaɓe ta, ya zuba mata wani tsari na kyauta da masu sa kai ke rubutawa, wanda kowa ke iya duba cikinsa. Ya ce halin tsarin shi ne komai a rufe yake sai abin da ka buɗe da hannunka. Ita ta zama rumbunmu: shirye-shirye, sanarwar suna da ta rasuwa, hirarrakin da muka yi da tsofaffin Gangara da Gidan Sori. Ya sa irin tsarin a kwamfutar teburina don rubuta labarai. Na ce, "Kai bawana, wannan baƙin allo fa? Ko hoto babu." Ya ce, "Ke da ba ki iya tuwo ba, hoto za ki ci?"

Ya ba kowa sunansa na shiga injin da lambar sirrinsa da iyakar inda zai kai. Kuma yana da doka guda: wanda ya bar aiki, ranar nan za a rufe sunansa. Da Bala, abokin aikinmu kuma amininsa tun suna 'yan makaranta a lakol, ya tafi yi wa wani ɗan takara kamfe, kafin la'asar Laminu ya rufe shi. Bala ya zo yana huci, wai an maishe shi ɓarawo. Laminu ya ce, "Ba kai nake tsoro ba, Bala. Sunan da mai shi ba ya nan, wani ke shiga da shi." Sai bayan girbi suka koma gaisawa. Na ga zafin abin a fuskar Laminu, amma bai buɗe ba.

Ni ya koya wa riƙon injin, yana yi yana zolaya ta. Da zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu, aikin ya dawo hannuna. Na san dokar sarai. Na kasa rufe sunansa. Sau biyu injin ya tsufa aka canza, sau biyu na kwashe sunansa na kai sabon. Kullum na buɗe jerin ma'aikata sai in ga "laminu" tsakanin Kande da Mariyama, in ji sanyi a raina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da kowa ke yawo da waya yana miƙa lambar sirrinsa ga duk wanda ya aiko saƙo da daɗin baki. Zai yi tsaki, na sani. Amma ni zai fara yi wa faɗa.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina duba rajistar da injin ke rubuta duk wanda ya nemi shiga, sai na ga sunansa. Layi bayan layi, wani daga nesa yana gwada lambar sirri da sunan Laminu. Wallahi abin kunya, kafin tsoro ya zo mini murna ce ta fara zuwa. Zuciyata ta ce ga shi ya dawo. Sai da na yi salati na tuna cewa ko wane ne wannan, in ya dace sau ɗaya, muryoyin tsofaffin nan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya suna hannunsa.

Na daɗe ina ɗauka sunan ne ya rage mini daga Laminu. Ashe abin da ya bari shi ne taurin kan nan da ya iya ɓata da amini don ya tsare amanar mutane. Rumbun bai taɓa ɓatar da murya ko ɗaya ba, kuma ni ce na kusa jawo masa.

Na rubuta umarnin gogewa. Injin ya tambaye ni ko na tabbata. Na zauna har aka kira azahar, Mariyama ta leƙo ta ga fuskata ta koma. Sannan na amsa masa da e.

Allah ya jiƙan ka, bawana. Na makara da shekara goma sha biyu, amma na rufe.