Kalmar da Hajja Kaltumi ta raina

A unguwar Hausare ta Garwa, in aka yi mutuwa, ba a cewa zaman makoki ya cika sai Hajja Kaltumi ta shigo. Ba malama ba ce, ba kuma matar wani babba ba. Mijinta mahauci ne a babbar kasuwa har Allah ya karɓi abinsa, ita kuma kunun gyaɗa take sayarwa a ƙofar gida. Abin da Allah ya ba ta shi ne baki. In ta durƙusa gaban wadda aka yi wa rashi ta fara jero gaisuwa, daga ya haƙuri zuwa Allah ya albarkaci bayansa, sai ka ga mai kuka ta sassauta ta soma cewa amin. Tana yi da Hausar kakanninta fatake, tana yi da Fulatanci kamar da shi ta buɗe baki, har Faransancin kasuwa takan ɗan yafa in gidan ma'aikata ne.

Sai dai ta san ta iya, kuma a nan matsalar take. A hanyar dawowa daga makoki ba wadda take ƙyalewa. "Kun ga gaisuwar wance? Kalma biyu ta miƙe, sai ka ce ta zo ɗibar wuta." Mata su yi dariya, kowace tana addu'ar kada gobe a kanta ne.

Ana nan wata mata ta kama ɗaki a gidan Nazira, maƙwabciyar Kaltumi. Sunanta Madam Bih, tela ce, rikici ya koro ta daga Bamenda da kekenta na ɗinki. Turanci take ji, Faransancinta bai kai ya kawo ba, Fulatanci kuwa ko jam ta gaisuwa ba ta sani ba. Duk da haka suka saba. Kaltumi ta miƙa kunu ta katanga, Bih ta dawo da kwanon da wata miyar ganye mai manja. Da ƙafar Kaltumi ta kumbura a damina, Bih ce ta riƙa shigowa da ruwan zafi tana gasa mata, tana cewa, "Sori, Mami, sori." Kaltumi ba ta manta wannan alheri ba.

Wata ranar Laraba aka ji ihu daga ɗakin tela. Ɗanta tilo da ta bari can gida ya rasu, ta waya aka gaya mata. Matan unguwa suka leƙa suka fito, don ba su san me za su ce ba. Kowa ya zuba ido ya ga shigar Hajja Kaltumi, ita kuwa ta ja mayafi ta nufi gidan Malam Jérémie, wani mutumin Kaélé da ke koyar da Turanci a lise, wato makarantar sakandare.

"Malam, gaisuwar mutuwa nake so da Turanci. Cikakkiya."

Malam Jérémie ya ji daɗi, baki har kunne. Shekarunsa nawa yana fama da ɗalibai masu gyangyaɗi, yau ga wadda ta tako da ƙafarta.

"Hajja, ai da sauƙi. Ki ce mata sori."

"Wannan da take gaya mini saboda ƙafa?"

"Ita ɗin. Kalma ce mai aiki da yawa. In kin taka mutum, sori. In kin makara, sori. In ba ki ji abin da aka ce ba, ki ce sori, a maimaita miki. In za ki hana mutum abu cikin ladabi, da ita za ki fara. In an yi wa mutum rashi ma, ita ce dai."

Kaltumi ta riƙe haɓa. "Wato wanda aka taka wa yatsa da wadda ta rasa ɗa, kwano ɗaya za a zuba musu? Malam, ka dube ni da kyau. Ni Kaltumi in shiga makoki da kalma ɗaya?"

"To ki ce ashiya, ita ce sannunsu. Mutanensu duk sun san ta."

"Wadda ake jefa wa ɗan dako? Haba Malam!"

Da ta ishe shi, ya haɗa mata wata doguwar gaisuwa irin ta littafi, ya yi ta maimaitawa tana bi. Da za ta fita ya ce, "Hajja, da dai kin je yau. Ba jarrabawa ba ce." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Nan fa aiki ya same ta. Tana dama kunu tana bita, tana wanke kwanuka tana bita, harshen nan da ya gagari matan Hausare ya ƙi lanƙwasuwa. In ta kama kan gaisuwar, wutsiyar ta kufce. Ta yi tsaki, ta zagi Turanci, ta zagi wanda ya kawo shi. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don tana jin kukan Bih ta katanga. Ta dafa tuwo ta ba Nazira ta kai, ita ba ta shiga ba.

"Yaya, ba ta cin komai," in ji Nazira. "Sai ta nuna katangarki ta ce Mami."

"Ki ce mata ina nan tafe. So nake in shiga da mutunci."

"Da wane yaren zan gaya mata?"

Sai ranar Asabar gaisuwar ta zauna. Kaltumi ta ɗaura zanenta na zuwa makoki ta shiga gidan, ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin, kwanonta kuma a wanke an kife shi a bakin ƙofa. Nazira ta ce ai ta sayar da keken ta tafi ajans, wato tashar manyan motoci, za ta hau motar Ngaundare ta kama jirgin ƙasa.

Kaltumi da ba ta hawa moto, wato babur ɗin haya, saboda ƙafa, ranar ta hau. Ta iso babbar motar tana fita daga ƙofar ajans. Ga Bih can a taga, ta jingina kai da gilashi, ta rame kamar ba ita ba. Kaltumi ta buɗe baki, doguwar gaisuwar nan ta bi iska, ko harafi bai rage ba. Ta bi motar tana ɗingishi tana ɗaga hannu.

"Sori! Madam, sori!"

Yaran mota na ihu, masu moto na hon. Bih ta ɗan motsa kai, amma ko waiwaye ne ko girgizar mota ce, Kaltumi ba ta sani ba.

Har yau tana sayar da kununta. In aka yi mutuwa ita ce ta farko a gidan, wani lokaci ko mayafin kirki ba ta tsayawa nema, kuma ta daina auna gaisuwar kowa. In Malam Jérémie ya biyo ta ƙofarta, takan cika masa kofi ta hana shi biya, sannan ta yi masa tambayar da ta saba.

"Malam, a ganinka ta ji?"

Shi kuma ya ce, "Hajja, ba na wurin."