Bajimai Masu Ɗan Kunnen Roba

Shekarun baya na fito a fim, kuma tun kafin wani ya faɗa muku, ni ne wawan cikinsa. Ba wasan kwaikwayo ba ne, irin wanda ake ɗaukar abin da ya faru da gaske ne.

Ni mahauci ne a Talata Mafara, karatuna ya tsaya aji uku, shi ma don malam mai haƙuri ne. Amma daga karar shanun Maradun zuwa ta Bakura, babu san da zan kalla ban san garkensu ba.

Lokacin zaɓen ciyaman a wata ƙaramar hukuma tamu, wani kamfanin haƙar zinariya ya tsaya wa ɗan takara guda a ɓoye. Duk taron kamfen sai a sauke bajimai, a kira ni in feɗe, a raba wa jama'a. Ina da aboki manomi, tare muka tashi, yana da fadamar da ya gada. Na kai masa cinya guda har ƙauyensu, ya ƙi ko taɓa ta.

"Mai da masu abinsu," in ji shi. "Fadamata sunka biɗa na hana, shi na sunka koma neman wanda za ya sa masu hannu."

Na ce tsufa ne ya sa masa zargi. Na koma da cinyar, muka cinye.

Ana haka wasu samari masu kyamara suka zo suna tambayar na wane ne shanun. Kowa ya ce bai sani ba. To mahauci ba ya ganin sa mai kyau ya yi shiru. Na gyara hula, na ɗaga kunnen bajimi, na ce, "Diba ɗan kunnen roba! Babu Bafillacen da ka sa ma sanuwa wanga abu. Na kamfani na. Kai dai diba tozo!" Ina faɗa ina dariya, bakina duk maiƙo.

Ɗan takarar ya ci. Kafin ruwan farko, wayar shingen kamfanin ta zagaye fadamar. Abokina ya koma ƙwadago a gonakin mutane da furfurarsa, bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa.

Fim ɗin ya fito, yara suka nuna mini a waya. Ga ni ina yabon tozo, sai hoto ya juya, ga abokina tsaye bayan wayar shingen, hannu a baya, yana kallon shinkafar da ba zai yanka ba. Har yau in na ga ɗan kunnen roba a mahauta, sai in miƙa wa wani wuƙar.

Da na koma gaida matarsa, sai na so in rage wa kaina nauyi. Na ce, "Ko ba komai, ni na tona wa duniya masu shanun nan."

Ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba.

"Ashe kau, Malam, ka san masu su tun ba ka aza wuƙa ba."