Abin da Na Gani a Mabiyiyar Ƙanwata

A wancan lokacin ni mai bandar kifi ce a wani gungu cikin ƙasar Ngaski, inda ba a fita ko'ina sai da jirgin ruwa. Na haifi nawa 'ya'yan lafiya, kuma Allah Ya yi ni da baki, ba a taka ni in yi shiru. Tun da Innarmu ta rasu na zama uwa ga ƙanwata, ni na aurar da ita nan cikin gari. Cikinta na fari ya zube, na biyu aka haifi yaron ba rai. Daga nan matan gidan mijinta suka fara ƙus-ƙus, wai tana yawan zuwa bakin ruwa ita kaɗai, wai mutanen ruwa sun shafe ta. Na sha zuwa har tsakar gidansu in wanke su tas, amma maganar ba ta mutu ba.

Naƙudar ciki na uku ta tashi da hantsi. Da faya ta fashe sai jini ja wur ya biyo baya, ba mai yawa ba. Ungozomarmu tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ta ce ba komai. Ba a jima ba yarinya ta faɗo, ta yi wani siririn kuka, aka rangaɗa guɗa. Ni aka miƙa wa mabiyiya in wanke in binne, don a wurinmu ba kowa ake ba wannan aikin ba sai na jiki. Da na zagaya bayan ɗaki na zuba ruwa, sai gabana ya faɗi. Cibiyar ba ta kafe a tsakiyar naman ba kamar yadda na saba gani. Can gefe ta tsaya a jikin siririyar fatar, jijiyoyi sun bazu kamar saiwa, ɗaya kuma ta tsage. Ban tuna da jaririya ba, wallahi, matan nan na tuna. Na ce a raina in suka ga wannan, ƙanwata ta gama zaman lafiya a gidan. Na naɗe ta a tsumma, na haƙa rami mai zurfi, na rufe, na dawo ina dariya.

Yarinyar fara fat take, har leɓenta da tafin hannunta. Uwar mijin ta ce farin jarirai ne, za ta rine. Amma ba ta kama nono ba, numfashinta kuma sama-sama. Washegari mijin ya samo jirgi mai inji muka tsallaka zuwa wani ƙaramin asibiti a bakin tafki. Malamin asibitin ya duba yarinyar, ya tambaya ko an ga jini kafin haihuwa, ko mabiyiya ta fito daidai, kuma wa ya gan ta. Uwar mijin na tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni. Na ce lafiya lau aka haihu, ni na binne da hannuna, ban ga komai ba. Ya dube ni ya sake tambaya. Sai na ɗaga masa murya, na ce shi ya taɓa haihuwa ne da zai koya mini. Sai bawan Allah ya ce to tun da haka ne wataƙila ƙwayar cuta ce ta shige ta, ya yi mata allura, ya ce mu zauna a ga yadda za ta yi.

Haka muka wuni a kan benci. Ina kallon yarinya tana ƙara laushi, maganar tana bakina, na kasa fitar da ita. Da la'asar ta daina ko motsa hannu. Shi da kansa malamin ya fita ya nemo mana mota zuwa babban asibitin Yelwa. A hanya ƙanwata ta matso kusa da kunnena, ta tambaye ni a hankali ko dai gaskiyar mutane ce, akwai wani abu a jikinta da ke kashe 'ya'ya. Ban taɓa jin tsoro da kunya irin na wannan tafiyar ba.

A Yelwa likita mace ce ta karɓe mu, ta yi tambayoyin nan dai. Wannan karon, a gaban uwar mijin da kowa, na faɗi duk abin da na gani. Ta jawo takarda ta zana mabiyiya da cibiya a gefe, ta tambaye ni ko haka take. Na ce kamar tana wurin. Ta ce jinin da ya zuba ba na uwar ba ne, na jaririyar ne, kuma jinin jariri ɗan kaɗan ne, abin da muka raina ya kusa ƙarar da ita. Nan take aka auna, aka nemi jini, aka ƙara mata. Ta tambaye ni abin da ya hana ni faɗa tun safe. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Ranar sallama na je ofishin kati, na tarar da wata mata tana rubuta wani harafi da lambobi a takardun yarinyar. Da karambanina na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce lambar jariran da matsalar mabiyiya ko cibiya ta shafa ce, duk asibitoci da ita suke aiki, kuma ba yau ta fara rubuta ta ba. Abin da na ɗauka abin kunya ne da ya faɗo wa gidanmu kaɗai, ashe sananne ne har an ba shi lamba, kuma babu ruwansa da aljanu ko laifin uwa.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta daɗe ba ta yi tafiya ba, har yau tana jan ƙafar hagu. Likita ta ce ba za ta iya rantsewa wunin da muka ɓata ne ya jawo ba, ba kuma za ta rantse ba shi ba ne. Ƙanwata ta ce ta san dominta na yi, ba ta sake tayar da zancen ba.

Na rubuto ne saboda mata irina da ake miƙa wa mabiyiya. Ku dube ta da kyau kafin ku binne, in kun ga abin da bai yi muku ba, ko jini ya riga haihuwa, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya ko da duk dangin miji na tsaye a kanku. Matan da na ji tsoronsu sun daɗe da manta zancen, yarinyar ce ke yawo da shi a ƙafarta.